Garba Lawal: Yabon Gwani Ya Zama Dole

Duk lokacin da hirar ƙwallo ta ɓarke tsakaninmu ɗaliban Nijeriya a nan Makka, sunaye uku ne ke yawo a baki: Okocha, Kanu, sai marigayi Rashidi Yekini. Ni kuwa gwanina Garba Lawal ne, wanda ake kira Cindo, kuma ina da hujjojina.

An haifi Garba a Kaduna a 1974. Ya buga wa Julius Berger ta Legas da Esperance ta Tunisiya, sannan ya shekara shida a Roda JC ta ƙasar Holan, daga 1996 zuwa 2002. Yana cikin tawagar da ta ciyo wa Nijeriya zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996. Ya je Kofin Duniya sau biyu, a 1998 da 2002, ya kuma buga Kofin Afirka sau huɗu a jere, daga 2000 zuwa 2006.

A tsawon waɗannan shekaru masu horarwa sun yi ta canzawa: Bonfrere Jo, Bora Milutinovic, Shaibu Amodu, Onigbinde, Christian Chukwu, Eguavoen. Kowa da salonsa, kowa da 'yan gaban goshinsa, amma duk wanda ya zo sai ya kira Garba. Dalili kuwa a fili yake. In an sa shi gefen hagu zai yi, in an dawo da shi tsakiya zai tare, in mai tsaron baya ya ji rauni shi zai toshe gurbin. Ba ya yawan yanka, ba ya wasa don 'yan kallo su yi tafi. Ya karɓi ƙwallo, ya miƙa wa na kusa, ya koma bakin aikinsa.

Ku tuna wasanmu da Sifen a Faransa a 1998. Kowa na maganar dukan da Oliseh ya yi daga nesa, wanda ya ba mu nasara 3 da 2. Amma kafin nan Sifen ce ke gaba da 2 da 1, har sai da Garba ya kutsa ta hagu ya buga ƙwallon da Zubizarreta ya tura cikin ragarsa da hannunsa. A takarda ma ba sunan Garba aka rubuta ba. Haka kuma a Alƙahira a 2006, shi ya ci Senegal ƙwallo ɗaya tilon da ta ba mu matsayi na uku.

'Yan'uwa, akwai irin Garba a cikinmu. Lokacin aikin Hajji za ka ga ɗalibi da safe yana yi wa alhazai tafinta a asibiti, da rana yana rakiyar tsohon da ya ɓata zuwa masaukinsa a Misfala, da dare ya koma kan littafinsa. Ranar taron ƙungiya kuwa, wanda ya iya jawabi shi ke kwashe yabo.

Abin da nake tsoro shi ne, in muka ci gaba da yabon masu yanka kawai, ƙannenmu za su taso kowa na son zama Okocha, a rasa mai toshe gurbi. Ƙungiyar da ba ta da irin Garba ba ta kaiwa ƙarshen gasa. Allah Ya saka musu da alheri, Ya ba mu idon ganinsu.