Zare: sunan da aka raɗa wa fankshin zai iya hana manomi ruwa

1/ Jama'a, bari mu taɓa wani abu da masu koyon furogiramin ke ɗauka kamar wasa: raɗa wa fankshin suna. Ni ɗan Kura ne, ina aji uku a jami'a ina karantar kimiyyar kwamfuta, kuma da harkar ban ruwan yankinmu zan yi muku bayani. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Ga wanda bai sani ba, fankshin kamar ɗan aike ne a cikin kod. Ka kira sunansa, ka miƙa masa kaya, ya je ya yi aiki ya dawo maka da sakamako. Kowane yaren kwamfuta, ko Python ne ko JavaScript ko C, yana zuwa da rumbunsa na irin waɗannan 'yan aike, a shirye.

3/ Wannan rumbun da ke zuwa tare da yaren shi ne maganarmu. Ba kai ka rubuta shi ba, amma kullum da shi kake aiki. Miliyoyin mutane ne ke kiran sunayen da ke ciki, kuma mafi yawansu ba sa buɗe littafin bayani. Sunan kawai suke gani su yarda.

4/ Duk wanda ya taso a Kura, Bunkure ko Garun Malam ya san irin wannan tsarin. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako. Daga can ruwa ke gangarowa ta babban kanal, ya shiga ƙananan kanal, har ya kai ga fangalin shinkafa da tumatir da alkama. Gangara ce kawai ke tafiyar da shi.

5/ Manomin da ke ƙarshen layi bai zana kanal ɗin ba, bai ma san waɗanda suka zana ba. Amma abin da suka yanke shekaru hamsin da suka wuce shi ke nuna ko ruwa zai iso gonarsa yau. Haka mai rubuta kod yake da rumbun yarensa. Mu duk 'yan ƙarshen layi ne.

6/ To ga misali na farko, ku gwada da kanku a Python. Kana da rubutu "kano_kadawa", kana so ka cire "kano_" na farko a bar maka "kadawa". Ka duba rumbu ka ga wani fankshin mai suna lstrip. Sunan na nuna yana ɓare abu daga hagu. Shi ke nan, ka ce ka samu.

7/ Ka san me zai dawo maka da shi? "dawa". Wallahi. Kadawa ta koma dawa. Dalili kuwa lstrip ba kalma yake cirewa ba. Haruffan da ka ba shi yake ɗauka ɗai-ɗai, k, a, n, o da ɗan layin nan, ya yi ta cin duk wanda ya tarar a gaba har sai ya ci karo da baƙon harafi.

8/ Abin haushin shi ne ba zai yi maka ƙorafi ba. Idan ka gwada da "kano_bunkure" zai ba ka "bunkure" lafiya lau, ka ɗauka komai daidai. Sai ranar da aka nemi manoman Kadawa a lissafi aka ga babu su. Sai a Python 3.9, a 2020, aka ƙara removeprefix, wanda sunansa ke faɗin aikinsa.

9/ Misali na biyu ya fi kusa da mu: ranakun mako. Inda ake rabon ruwa bi da bi, rana ita ce komai. Wannan layin yau, wancan gobe. Idan ranarka ta wuce ka, sai ka jira zagaye ya dawo, kuma dashen da bai kama ba ba ya jira a zafin watan Maris.

10/ A JavaScript, getDay ba ranar wata yake ba ka ba, ranar mako yake bayarwa, yana farawa da Lahadi a matsayin 0. Ranar wata kuma sunanta getDate. Shi kuwa getMonth yana ƙirga Janairu a matsayin 0, Disamba 11. A Python kuma weekday da Litinin yake farawa a matsayin 0.

11/ Yanzu lura. Lamba 3 a getDay Laraba ce. A weekday na Python Alhamis ce. Mu kuma sunayen ranakunmu daga ƙidayar Larabci suke: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku. Ke nan lamba ɗaya, rana uku daban. Manhajar da ta haɗa yaruka biyu za ta iya tura wa manomi saƙo ya zo ban ruwa ranar da ba tasa ba.

12/ Za ka ce to me ya sa manyan masana suka raɗa irin waɗannan sunaye? Ba wauta ba ce. Kowane suna da tarihinsa. JavaScript dai Brendan Eich ya haɗa shi cikin kusan kwana goma a 1995, kuma tsarin kwanan watan daga Java aka kwafo shi, har da matsalolinsa.

13/ A C za ka ga strcpy, strcmp, atoi, strpbrk, kamar an cinye wasulan. Dalili shi ne na'urorin wancan lokacin. Ƙa'idar C ta 1989 haruffa shida na farko kawai ta tabbatar za a bambance a sunan da ake kira daga waje. Dole kowa ya matse sunansa ya shiga.

14/ A Unix akwai fankshin ɗin ƙirƙirar fayil da aka rubuta creat, babu harafin e a ƙarshe. Da aka tambayi Ken Thompson me zai canza in da zai sake gina Unix, wannan harafin ya ambata. Harafi ɗaya, tun shekarun 1970, har yau yana nan a haka.

15/ PHP kuma nasa labarin ya fi ban dariya. Rasmus Lerdorf, wanda ya ƙirƙiro shi, ya bayyana a 2013 cewa a farkon zamani tsawon suna ake amfani da shi wajen nemo fankshin da sauri. Sai ya riƙa zaɓen sunaye don tsawonsu ya bambanta. 

16/ Tambaya ta gaba: tunda an gane, me ya hana a gyara? Amsar tana Kadawa. Kanal ɗin da aka zuba wa kankare, gonaki suka jeru a gefensa, aka yi gado, aka raba, aka sayar, ba ka tashi rana ɗaya ka ce za ka karkatar da shi. Ko gyaran da aka yi ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya shekaru ya ɗauka.

17/ Haka suna yake in ya shiga rumbu. Kod ɗin duniya ya riga ya jingina da shi. Masu JavaScript sun so su ƙara fankshin mai suna contains, sai aka gano zai karya tsofaffin shafukan intanet masu amfani da MooTools. Dole aka koma includes. A 2018 aka sake yin irinta, flatten ya koma flat.

18/ Wato ko suna mai kyau ka samo, in wani ya riga ka shuka a wurin, sai haƙuri. Shi ya sa ranar raɗin suna ta fi kowace rana tsada. Gyara daga baya yawanci ƙara sabon suna ne a gefen tsohon, sai mai koyo ya zo ya tarar da biyu ya rasa wanne ne nasa.

19/ Akwai kuma waɗanda suka yi ƙoƙari. A Python, sort yana jera lissafinka a inda yake, ya canza shi, ba ya dawo da komai. sorted kuma yana barin naka yadda yake ya ba ka sabo a jere. Ruby na liƙa alamar tambaya a sunan da amsarsa e ko a'a ce, da alamar motsin rai a wanda ke buƙatar hattara.

20/ Abin da ya jawo ni cikin wannan duka: ina rubuta wata 'yar manhaja da za ta riƙe jadawalin ban ruwa na layin su kawuna. Waye yau, waye gobe, waye ya biya kuɗin ruwa, waye bai fito gayyar yashe kanal ba. Na so in raɗa sunayen da Hausa don duk wanda zai gaje ta ya karanta ya gane.

21/ Kafin in rubuta komai na zauna da shi. Na ce, "Kawu, in za ku hana ruwa wucewa, me kuke cewa?" Ya ce, "Wane irin hanawa, ɗan nan? In ƙofar kanal ce, rufewa ake. In an sa kwaɗo, an kulle. In bakin fangali ne, da laka ake toshewa. In kuma ragewa ce, wannan maganar daban."

22/ Kun ga kalma huɗu, aiki huɗu, kuma masu yin su ma daban. Toshe bakin fangalinka kai ke da iko. Kulle ƙofar kanal kuwa ba aikin kowa ba ne. Manhajar da ta tattara su duka a fankshin ɗaya mai suna rufe ta riga ta shuka rigima, don ba za ta nuna wa ya yi me ba.

23/ Ya ƙara min da cewa, "Kuma kar ka rubuta buhu kawai. Buhun shanshera daban, buhun gyararriya daban." Gaskiyarsa. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shinkafa a Kura ya san kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Fankshin mai suna yawan_buhu bai gaya maka komai ba tukuna.

24/ Haka girman gona. In fankshin ya ce 2, biyun me? Eka ko hekta? Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. In da girman gona ake lissafa kuɗin ruwa, wani zai biya fiye da ninki. A 1999 NASA ta yi asarar kumbo a duniyar Mars saboda ɓangarori biyu sun yi aiki da ma'auni daban.

25/ Hausa kuma tana da nata tarkon. Ka raɗa wa fankshin suna share, kana nufin ya share bayanai kamar da tsintsiya. Abokin aikinka da ya saba da Turanci ya gani, ya karanta shi da ma'anar rabawa, ya kira shi don tura wa manoma jadawali. Sai jadawalin ya tafi gaba ɗaya.

26/ Ga kuma haruffa masu lanƙwasa. Python 3 na karɓar ƙ, ɗ da ɓ a cikin suna, amma mutane da yawa ba su da su a kibod. To ƙara zai koma kara, ƙare zai koma kare. Ita ƙara ɗin ma, ƙari ce, ko ƙarar kotu, ko ƙarar inji? A baki sauti ke raba gardama. A rubuce babu shi.

27/ Daga nan na tsayar wa kaina 'yan ƙa'idoji. Na ɗaya, sunan ya faɗi aiki da abin da ake yi wa aikin: rufe_kofa, toshe_fangali, goge_manomi. Na biyu, in akwai ma'auni ya fito a sunan: girma_a_hekta, buhun_shanshera. Na uku, rana da sunanta nake ajiye ta, Talata ko Laraba, ba da lamba ba.

28/ Na huɗu, mai tambaya daban, mai aikatawa daban. ko_ya_biya tambaya ce, ba ta taɓa komai. rubuta_biya ita ke canza lissafi. A C++ akwai empty da clear. Sababbin shiga kan kira empty su ɗauka sun zubar da kayan, alhali tambaya kawai suka yi ko akwai abu a ciki.

29/ Na biyar, kuma ita ta fi min amfani: in karanta sunan ga wanda bai san kod ba, in tambaye shi me yake tsammani zai faru. In ƙanwata da ke aji biyu a babbar sakandare ta faɗi wani abu daban da abin da fankshin ke yi, sunan nake canzawa, ba dogon bayani nake ƙarawa ba.

30/ Na san wani zai ce, "Malam, ai sai mutum ya karanta littafin bayani." Haka ne, ya kamata. Amma ka tuna yadda muke aiki a nan: data ta kusa ƙarewa, an ɗauke wuta, batir na kashi tara, gobe za a miƙa aiki. A wannan halin sunan ne kaɗai bayanin da kowa zai karanta.

31/ Wani kuma zai ce dogon suna gajiya ne. Akwai gaskiya a nan ma. Abin da ake kira sau ɗari a rana, kamar len ko print, gajarta ta fi masa. Amma wanda ake kira sau ɗaya a wata, kuma yana goge abu ko yana taɓa kuɗin mutane, gara ya yi tsawo a gane shi.

32/ Sannan ba cewa nake kowa ya koma rubuta kod da Hausa ba. In aikinka da mutanen Legas ko Nairobi ne, Turanci zai fi haɗa ku. Amma in manhajar ta ƙungiyar masu ban ruwa ce a Bunkure, kuma ɗan garin ne zai riƙe ta bayanka, kalmomin da manoman ke faɗa su suka fi dacewa.

33/ Abin da ke damuna shi ne yanzu ne ake raɗa kalmomin kwamfuta da Hausa, a bidiyon koyarwa, a fassarar manhajoji, a gurup-gurup na WhatsApp. Wanda ya fara faɗa, nasa ake ɗauka. Mu da muke cewa 'yan ƙarshen layi ne a Python, a nan mu ne a bakin madatsa.

34/ Don haka in za ka raɗa suna, ka je wurin masu sana'ar tukuna. Mai awo, mai casa, dillalin tumatir a Kwanar Gafan, duk suna da kalmomin da suka tace shekara da shekaru, don su kuskuren kalma asarar kuɗi ce a take. Ba sai ka ƙirƙiro sabuwa a ɗakin kwanan ɗalibai ba.

35/ Yanzu ga inda nake neman taimakonku. Ina da fankshin da ke ɗage ranar manomi zuwa zagaye na gaba ba tare da ya rasa rabonsa ba. Ina tsakanin jinkirta_rabo da musanya_rana, amma na biyun na nuna kamar da wani ya yi musaya. 'Yan Kura, Bunkure da Garun Malam, ku tambayo mana iyayenmu me suke kiran wannan, ku ajiye min a ƙasa.