Matatlan: Garin Da Hayaƙi Ba Ya Yankewa

A kudancin ƙasar Meziko, cikin jihar Wahaka, akwai wani gari na ƙabilar Zapotek mai suna Santiyago Matatlan. Baƙo ba ya isa garin sai ƙanshin hayaƙin itace ya tare shi tun daga hanya. Sana'ar mutanen wurin ita ce dafa meskal, watau wata barasa mai ƙarfi. Ko da yake Musulmi ba ya shan ta, sha'aninta abin lura ne, domin dubban iyalai da ita suke ci.

Daga wani tsiro ake samun ta mai suna agabe, mai kaurin ganye da ƙaya. Irin da aka fi nomawa, espadin, yakan yi kimanin shekara 7 kafin ya nuna, wani na daji kuwa, tepestate, har ya kai 25. In ya nuna sai a sare ganyen, a bar gindin mai kama da ƙatuwar abarba. A haƙa rami, a hura wuta, a jera duwatsu, a zuba gindin a rufe da ƙasa har 'yan kwanaki. Nan ne ƙanshin hayaƙi yake shigarsa. Bayan haka doki ko alfadari ya ja dutsen niƙa a kansa, a tsima shi cikin manyan kwatarniyoyin katako, kana a tace shi sau biyu a tukunyar jan ƙarfe ko ta yumɓu.

Gwanayen garin ba sa gaggawa wajen ɗanɗanawa. Sukan ɗiga kaɗan a tafin hannu, su murza, su sansana. Sukan tsiyaya ta cikin ƙaramin ƙoƙo, su dubi kumfar da ta taso, da ita suke gane ƙarfinta. Sa'an nan su kurɓa kaɗan kaɗan, abin da suke kira sumba. Bayan hayaƙin, mai hanci yakan ji zaƙin gasasshen agabe, da ƙanshin ɗanyen ganye ko na jiƙaƙƙiyar ƙasa, har ya faɗi irin tsiron da tukunyar da aka yi aiki da ita.

To, amma fa farin jini ya zo da nasa. A 1994 gwamnatin Meziko ta keɓe sunan meskal ga wasu yankuna, daga baya kasuwarta ta buɗe ƙwarai, musamman a Amurka. Shi kuwa agabe sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, kuma akan sare shi kafin furen don kada zaƙin ya tsere. In babu fure babu iri, jemagu masu shan furen su rasa abinci, ga daji yana ƙarewa wajen itacen gashi. Saboda haka wasu manoma suka fara barin kaso na shukarsu ya yi fure, suna kuma renon irin daji. Wanda ya shuka tepestate yau, mai yiwuwa ɗansa ne zai sare.