Ado Ba Ya Tsayar da Babur

Samarinmu sun shiga yayin sauya fasalin babur: a ɗaga kai, a sake fenti, a ƙara fitilu. Ba mu ƙi ado ba. Sai dai in an ɗaga kan babur, tiyon man birki na asali yakan gaza tsawo, alhali ran mahayi a jikinsa yake rataye.

A aji muna koya wa yara cewa ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Da wannan ƙa'ida birkin mai yake aiki. In iska ta shiga tiyo, hannun birki sai ya yi laushi, ƙarfin ya ƙare wajen matse kumfa, taya kuwa tana ta gudu.

Saboda haka a sa tiyo mai isasshen tsawo. A juya kai dama da hagu har ƙarshe, a tabbata bai ɗame ba, bai karye ba, bai gogi taya ko salansa ba. Sannan a fitar da iska: a matse hannun birki a riƙe, a kwance ɗan notin fitar da mai, a ɗaure, kana a saki hannu. A maimaita har mai ya fito ba kumfa, ana ƙara mai a kofin sama kada ya ƙafe.

Man da aka rubuta a murfin kofi shi za a zuba. DOT 4 yana shan danshi, shi ya sa ake sauya shi duk shekara 2, kuma ba a gauraya shi da DOT 5.

'Yan'uwa makanikai, a duba wannan kafin fenti. Titin da baburan nan ke bi, shi ɗalibanmu ke tsallakawa in an tashi makaranta. Allah ya kiyaye.