Inci Arba'in da Uku

'Yan'uwa, kuskurenmu na fari shi ne mun yi wa iyayenmu mata alkawarin farfesun kifi, kuma mun yi shi da babbar murya a bakin ƙofar majami'a, kowa yana ji.

Mu biyar ne, matasan zumunta ɗaya mazauna birnin Niyok a Amurka, kuma babu ɗayanmu da ya tashi a bakin teku. Gwanin cikinmu shi ne wanda ya yi fatsar tarwaɗa a rafin ƙauyensu yana yaro. Wata uku muna adashi kafin kuɗin hayar jirgi ya cika. A watan Oktoba na 2023, ranar wata Juma'a da yamma, muka yi tafiyar awa uku a mota zuwa Montok, can ƙarshen tsibirin Long Ailan, inda ƙasa ta ƙare sai Tekun Atlantika.

Kifin da muka je nema mutanen wurin suna ce masa striped bass, mu kuwa muka raɗa masa suna Mai Ratsi, saboda baƙaƙen layuka bakwai ko takwas da suka bi jikinsa daga bayan kai har wutsiya. A ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, a kogin Hudson da kogunan da ke zuba a mashigin Cesapik, sa'an nan ya fita teku. Da zafi yakan haura arewa, idan sanyi ya gabato ya gangaro kudu, kuma hanyarsa ta bi ta Montok. Manyan sun fi farauta da dare, shi ya sa muka tashi bayan faɗuwar rana.

Mai jirgin dattijo ne marar yawan magana. Ya ba kowa sanda da zare, ya maƙala wa ƙugiya wani siririn kifi mai rai, mai santsi kamar maciji. Ba a kafa jirgi wuri ɗaya. Sai ya kai mu inda ruwa ke gudu a kan duwatsun ƙasa, ya bar igiyar ruwa ta ja mu, in mun wuce ya komo da mu farko. Ya rage fitilu. Abin da muke gani kawai shi ne hasken hasumiyar Montok, wadda ke tsaye a wurin tun 1796, yana zuwa yana wucewa.

Awa huɗu ba kome. Sanyi ya shiga ƙashi. Autanmu jiri ya kwashe shi, ya rungume bokiti yana amayar da tuwon da ya ci. Wani ya ce yanzu ne ya fahimci halin da Bitrus da abokansa suka shiga a Tekun Galili, ashe karanta labarin a ɗaki mai ɗumi daban ne da kwana a kan ruwa hannu wofi. Muka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare sandar babbanmu ta lanƙwashe. Zare ya riƙa fita da ƙara kamar ana yage atamfa. Kusan minti goma sha biyar ana ja-in-ja, mu huɗu muna ba da shawara a lokaci ɗaya, mu da ba mu taɓa kama irinsa ba. Da mai jirgin ya ɗago shi da raga, muka yi tsit. Kifi ne kamar yaro ɗan shekara uku, jikinsa yana walƙiya kamar azurfa. Aka shimfiɗa shi a kan ma'auni: inci 43.

"Wannan zai koma," in ji mai jirgin.

Mun san dokar, ya faɗa mana tun a bakin gaɓa. A shekarar nan an ƙuntata ta: kifi ɗaya ga mutum ɗaya, kuma sai wanda tsawonsa ya kama daga inci 28 zuwa 31. Amma jin doka a gaɓa daban, ganin kifin a ƙafarka daban. Mu da muka tashi da labarin Argungu, inda mai giwan ruwa mafi girma shi ake ɗagawa sama a ba shi kyauta, yau an ce babba ne ba a so.

A daidai lokacin ruwa ya ja mu kusa da wani jirgi, dattijon ya zare ƙugiyar da sauri ya koma kan sitiyari, ya ba mu baya. Akwatin ƙanƙara yana buɗe kusa da mu. Ɗayanmu ya sunkuya ya ce da Hausa, don kada a ji, "Yaya, mu sa shi ƙarƙashin jakunkuna. Wa zai gani? Kuɗinmu fa muka biya."

Ba za mu yi muku ƙarya ba, babu wanda ya tsawata masa. Dukanmu mun yi lissafin nan a zuci: tukwane nawa, baki nawa, irin guɗar da za a yi ranar Lahadi. Kifin kuma yana buɗe baki yana rufewa, kowace daƙiƙa a waje tana rage masa rai. Babbanmu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Idan Mama ta tambaye mu yadda muka same shi, wa zai amsa?" Ba wanda ya ɗauka. Sai ya tallafe shi da hannu biyu, ya sauke shi cikin ruwa, ya riƙe wutsiyar yana fuskantar da kansa wajen da ruwa ke tahowa. Can sai kifin ya yi wata girgiza, ya watsa masa ruwa a fuska, ya nutse.

Da muke komawa farkon layi, mai jirgin ya yi magana mafi tsawo da muka ji daga bakinsa. Ya ce kusan duk masu wannan girma mata ne, kuma babbar uwa ta fi ƙanana zuba ƙwai nesa ba kusa ba. Ya ce yana saurayi kifin nan ya kusa ƙarewa, har majalisar Amurka ta yi doka a kansa a 1984, jihar Merilan kuma ta hana kama shi gaba ɗaya daga 1985 zuwa 1990. Ya dawo da yawa, a 1995 aka ce ya farfaɗo, yanzu kuma yana sake raguwa. Bai san abin da ya faru a bayansa ba, ko kuwa ya sani bai nuna ba. Har yau muna gardama a kan wannan.

Ɗan'uwanmu da ya kawo shawarar bai ce uffan ba sai gab da asuba, lokacin da shi kansa ya kama wani mai inci 29. Shi kaɗai muka kawo gida. A mota ya ce har yanzu yana ganin dokar ta fi takura wa irinmu masu zuwa sau ɗaya a shekara, kuma ba mu da amsar da ta gamsar da shi.

Ranar Lahadi bayan sujada muka miƙa wa shugabar zumuntar mata kifinmu a leda. Ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ta juya shi, ta ce, "'Ya'yana, ku biyar, wannan ne?" Muka nuna mata hoton babban a waya, muka ba ta labari duka, har da maganar jakunkuna. Ta daɗe tana kallon hoton, ta dubi mai shawarar, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ta juya ta ce wa matan su ƙara ruwa a tukunya, a aiki autanmu ya sayo dankali.