Ranar da Muka Kai Baba Tiga

Kwana biyu bayan Ƙaramar Sallar 2023, a tsakiyar zafin Afrilu, mahaifina ya ce yana marmarin sake ganin Tiga. Yana saurayi gwamnatin Audu Bako ta kammala madatsar a 1974, kuma tun da ciwon suga ya kama shi bai ƙara yin nisa da Sabon Gari ba. Muka yi hayar mota mu goma sha ɗaya. An dafa shinkafa, an soya kaji, an sayi ƙanƙara, har tabarmi ba a manta ba. Ni kuwa, da nake wuni a ɗakin magani na asibiti ina yi wa mutane bayanin ƙa'idar shan magani, ban tambayi Baba ko ya karya kumallo ba. Wannan sakaci nawa ne ya sa nake rubuto maka wannan, ya mai karatu.

Baba ya yi allurar insulin bayan Asuba, ya kurɓi shayi ba suga, ya ce sai mun isa zai ci. Muka kama hanyar Zariya, muna wuce Kura taya ta fashe, muka ɓata fiye da awa guda a gefen titi. Da muka isa bakin ruwa ana shimfiɗa tabarmi, sai na ga gumi yana tsattsafo masa, hannunsa yana rawa, maganarsa tana harɗewa.

"Baba, me kuka ci tun safe?"

"Shayi kawai, 'yata."

Na'urar gwajin suga tana gida a kan tebur. Allah Ya taimake mu akwai lemon kwalba a cikin kula. Na ba shi rabin kwalba, ƙanwata ta ciro dabino uku daga jakarta. Bayan kamar minti 15 ya dawo hayyacinsa, sannan ya ci abinci sosai.

Ga abin da ya faru a jikinsa: insulin tana kwashe suga daga jini ko mutum ya ci ko bai ci ba. Idan suga ya yi ƙasa da 70 mg/dL, sai gumi da makyarkyata da ruɗewa su biyo baya. Maganinsa na gaggawa shi ne suga kimanin giram 15, wato cokalin shayi uku zuwa huɗu a cikin ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a jira minti 15 a sake gwadawa. Idan kuwa mutum ya suma, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti. Masu shan glibenclamide ma suna cikin wannan haɗari, kuma nasu yakan sake dawowa bayan sa'o'i, don haka su ga likita ko da sun farfaɗo.

Hankalinmu yana kan Baba, yara suka sulale suka shiga gefen ruwa suna fantsama. Muka kira su, muka yi dariya, muka manta. Bayan wata biyu da rabi yayata ta kira ni a firgice: ɗanta mai shekara tara yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Gwajin fitsari ya nuna tsargiya. Tsutsar wannan ciwo tana girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya, kamar madatsa da kududdufi da magudanan noman rani. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga. Wasu har yau suna ɗaukar jinin a matsayin alamar balaga ga yaro namiji. Ciwo ne, kuma idan ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. An ba yaron praziquantel gwargwadon nauyinsa, ya warke. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ban ce ka hana iyalinka zuwa bakin ruwa ba. Mara lafiyar da ya daɗe a ɗaki yana bukatar iska da faɗin sama kamar yadda yake bukatar ƙwayoyinsa. Shiri kawai ake so, kuma shirin yana farawa tun daren jajibiri.

Ka ware jaka guda ta magani, ka damƙa wa mutum ɗaya amanarta. A ciki a sa magungunan kowa a kwalinsu na asali, har da na ƙarin kwana guda ko da hanya za ta yi gardama, da na'urar gwajin suga, da dabino, da ƙunshin ORS wanda ake narkawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu. Insulin ba ta jure zafin da ya wuce digiri 30, alhali cikin motar da aka ajiye a rana yakan haura 50. Ka naɗe ta a tsumma ka sa a kula, amma kada ta taɓa ƙanƙara, domin daskarewa ma tana kashe ta. Mai shan maganin da ke sa yawan fitsari, irin furosemide, ya tambayi likitansa lokacin da ya dace ya sha a ranar tafiya, kada ya tsallake da ra'ayin kansa.

Kowa ya karya kafin a tada mota. Ka ɗauki ruwan sha da na alwala daga gida, jarka biyu daban, don kada lokacin Azahar ya tura kowa bakin gaɓa. A naɗa babba ɗaya wanda ba shi da aikin komai sai kallon yara, a riƙa karɓarsa bi da bi, domin yaron da ke nutsewa sau da yawa ba ya iya ihu. Mai farfaɗiya ya zauna nesa da gaɓa, tare da wanda ya san halinsa. Idan za a hau kwale-kwale, a ƙirga mutane, a nemi rigar kariya. Mutanen Kano ba su manta hatsarin Bagwai na Nuwamba 2021 ba, inda jirgin da aka cika maƙil ya kife da fasinjoji, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. A naɗe tabarmi bayan La'asar, kafin sauro ya fito, kafin duhu ya rufe hanya.

Mun koma Tiga a Disambar wannan shekarar, cikin sanyin hunturu. Baba ya ci ƙosai da kunu kafin mu fita, na gwada sugansa a mota, na sake gwadawa kafin abincin rana. Ya zauna a inuwa yana nuna wa jikokinsa faɗin ruwan, yana ba su labarin yadda ruwan nan ya mai da Kura da Kadawa ƙasar shinkafa da tumatir. Yaron yayata ya tsaya nesa da gaɓa, shi ne ma yake tsawata wa ƙannensa. Mun shigo Sabon Gari ana kiran Magariba. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai da iyalinka lafiya.