Daga Damagaram zuwa Damargu: Taya Ita Ce Guzuri

Wanda ya bar Damagaram ya nufi Tanut, wajen kilomita 140 bisa hanyar Agadas, kwalta yake bi. Amma da zarar ya ratse zuwa kasuwannin ƙauyukan Damargu, sai rairayi da gargada da ƙayar aduwa. Nan ne ɗan kasuwa da ma'aikacin gona suke gane darajar tayar moto.

Taya mai sulɓi takan nutse cikin rairayi. Mai manyan haƙora kuwa tana kama ƙasa, amma kwalta na cinye ta da wuri, ga santsi in an yi ruwa. Shi ya sa masu Yamaha DT, mai ƙafar gaba inci 21 da ta baya 18, suke neman ta tsakiya, mai haƙora kusa da juna.

Mai saye ya duba gefenta. Alamar DOT ko E ta halatta mata titi; NHS ta daji ce kawai. Lambobi huɗun ƙarshe na layin DOT mako ne da shekara: 2319, mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya takan fashe inda babu mai faci, babu rijiya.