Rabaran Samuel Johnson da Littafin da Ya Ɓace a London

A cikin shekarar 1897 ne Rabaran Samuel Johnson, limamin cocin Angilika na garin Oyo, ya ajiye alƙalami bayan ya yi fiye da shekara ashirin yana tattara tarihin Yarabawa. Aka aika da rubutun Ingila don a buga. Can a hannun masu ɗab'i na London ya ɓace, ba a sāke jin ɗuriyarsa ba. Shi kuwa marubucin ya rasu ran 29 ga Afrilu 1901, bai ga ko shafi guda a buge ba.

An haife shi a Saliyo a 1846. Iyayensa Yarabawa ne da aka ceto daga jiragen fataucin bayi, suka komo da shi Badun yana yaro. Ya yi karatu a makarantar mishan ta Abekuta, ya zama malamin makaranta a Badun, daga baya aka naɗa shi limami a 1888.

Abin da ya ba aikinsa nauyi shi ne, ba a ɗaki ya zauna ya rubuta ba. Sa'ad da yaƙin Kiriji ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tsakanin Badun da taron dangin Ekiti da Ijesha, Johnson na cikin manzannin da suka yi ta kai da kawowa tsakanin sansanin mayaƙa da Gwamnan Ikko, har aka ƙulla sulhun 1886. A nan ya zauna da jarumai da dattawan da aka yi abubuwa a kan idonsu, ya ji daga bakinsu. A Oyo kuma ya saurari maroƙan fadar Alafin, waɗanda ke riƙe da sunayen sarakuna da labarinsu da ka. Shi ya sa mai neman labarin Afonja da Shehu Alimi, da yadda bayi Hausawa suka shiga rikicin da ya fid da Ilori daga hannun Oyo, tilas ya leƙa littafin nan, ko da zai yi gardama da shi.

Akwai kuwa wurin gardama. Johnson mutumin Oyo ne, kuma ma'aikacin mishan, saboda haka da idon Oyo ya dubi sauran Yarabawa. Ijabu da Ekiti ba su sami rabonsu sosai ba, Musulmin Ilori kuma bai cika yi musu sassauci ba.

Ƙanensa ne, Dokta Obadiah Johnson, likita a Ikko, ya tsince takardun da marigayin ya bari, ya yi shekaru yana sāke harhaɗa su. Yaƙin Duniya na Farko ya jinkirta bugun. Obadiah ya rasu a 1920, littafin kuma, mai suna The History of the Yorubas, ya fito a 1921.